A Waiwayi Labaran Tasowar Yara na Tsibiran Karibiyan

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani sashen adabi da ba kasafai ake tattauna shi da Hausa ba, wato ƙagaggun labaran da marubutan tsibiran Karibiyan suka rubuta a kan tasowar yaro, tun daga ƙuruciya har ya mallaki hankalin kansa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda da yawansu suke ƙarewa da yaro riƙe da akwati yana shirin barin gida. Makarantar da Turawan Ingila suka kafa ita ce ke ɗaga shi, ita ce kuma ke raba shi da danginsa.

A 1953 ne George Lamming, ɗan Barbados wanda ya rasu a 2022, ya fitar da In the Castle of My Skin. Labarin ya buɗe ne ranar da yaron ya cika shekara tara, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ambaliya tana cin ƙauyen da ƙasarsa duk mallakar Bature ɗaya ce. A makaranta ana koya wa yaran tarihin sarakunan Ingila, amma da suka ji wata tsohuwa ta ce an taɓa bautar da mutanensu, sai suka ɗauka ruɗewar tsufa ce, domin ba su taɓa cin karo da zancen a aji ba. Bayan tarzomar da ta girgiza tsibirin, irin wadda aka yi da gaske a 1937, sai Baturen ya sayar da ƙasar, kuma cikin waɗanda suka saye ta har da tsohon malamin ƙauyen, wanda talakawa suka yi ta zuba kwabbansu a asusun da ya kafa. Sai ga shi ana tashin su daga gidajensu. Yaron kuwa ya kama hanyar Trinidad domin aikin koyarwa.

A ganina Merle Hodge, 'yar Trinidad, ta fi kowa taɓa zuciyar lamarin a littafinta na 1970, Crick Crack, Monkey. Yarinyar da ke cikinsa, Tee, mahaifiyarta ta rasu, ana ja-in-ja a kanta tsakanin gwaggonta, talaka mai kaifin baki da yalwar zuciya, da innarta mai son a ce ita wayayyiya ce. Littattafan makaranta cike suke da tuffa da dusar ƙanƙara, abubuwan da Tee ba ta taɓa gani ba, har ta ƙirƙiro wata yarinya a zuciyarta mai suna Helen, tana ganin waccan ce ta ainihi, ita kuwa inuwarta ce. Ranar da gwaggon ta kawo mata ziyara gidan innar, sai Tee ta ji kunyar ta. A ƙarshe Ingila ta nufa wajen mahaifinta.

Haka yaron Miguel Street na V. S. Naipaul ya tafi karatu waje a littafin 1959, haka ma Annie John ta Jamaica Kincaid, 'yar Antigua, ta shiga jirgin ruwa tana da shekara 17 a littafin 1985. Ba abin mamaki ba ne, tun da da yawa daga cikin marubutan kansu a ƙetare suka yi yawancin rubutunsu. Lamming ya isa Ingila a 1950, inda kamfanonin ɗab'i suke, inda kuma BBC take gabatar da shirin rediyo na Caribbean Voices, mai karanta rubuce-rubucen marubutan Karibiyan, daga 1943 zuwa 1958.

Roƙona shi ne shafinku na adabi ya riƙa nazarin waɗannan littattafai, masu fassara kuma su gwada mayar da ko da ɗaya ne zuwa Hausa. Da za a nemi shawarata, da na Hodge za a fara. Sunansa ma daga al'adar tatsuniya ya fito, inda mai bayarwa da masu sauraro suke kira da amsawa, kamar dai “Ga ta nan, ga ta nanku” da “Ta zo mu ji ta”. Wahalar da mai fassara zai sha ita ce bambanta Turancin kan titi na gwaggon da Turancin ƙaƙale na innar, domin rabin rigimar littafin a bakunan matan nan biyu take.

Naka,
Wani malamin adabi, Zariya