Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2025, Daga Teburin Sakatare

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan'uwa mambobi na nan Birnin Kebbi da na rassanmu.

Na so a ce rahoton nan ya iso gare ku tun makon farko na Janairu, kamar yadda muka saba. Abin da ya riƙe shi ɗaya ne: ina jiran ma'aji ya rufe littafinsa, shi kuma yana jiran waɗanda suka ce masa "gobe in sha Allah" tun cikin damina. Da na ga goben ba ta da niyyar wayewa, sai na rubuta da abin da ke hannu.

Taron wata-wata an yi shi, in ban da na watan azumi da ɗaya da ruwan sama ya hana. Bayanansu suna cikin littafi ga mai son dubawa.

Maganar kuɗin wata zan fara da ita, don na san in na ajiye ta ƙarshe wasu ba za su kai can ba. Waɗanda suka biya cikakke ba su kai rabinmu ba. Akwai wanda na bi shi shagonsa sau uku, na ukun sai yaronsa ya ce ya tafi Jega, alhali babur ɗinsa na jingine a ƙofa. Ba na ambatar suna a nan, sunayen na cikin takardar ma'aji. Amma ina so duk wanda zai tashi a taro ya tambayi dalilin da ya sa aiki kaza bai ƙare ba, ya fara tuna cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Man janareta, data, hayar kujeru, ruwan leda na baƙi, babu wanda ake ba mu kyauta. Ni ma kuma ba albashi ake biya na ba.

To, sai abin da ya faranta mana rai a bana, wato horon kwana biyu da muka yi bayan babbar Sallah kan yadda ake sa kwamfuta ta danna kibod ta kuma motsa maus da kanta. Waɗanda ba su zo ba, su yi haƙuri, zan ɗan tsawaita.

Asalin abin daga wata makaranta ne a cikin gari. Suna da tsohuwar manhajar ajiye sakamakon jarrabawa, wadda wanda ya rubuta musu ita ya daɗe da barin gari. Ba ta karɓar fayil daga waje. Malamai su kawo maki a Excel, sai malamin jarrabawa ya zauna ya sake buga su ɗaya bayan ɗaya: suna, Tab, makin gwaji, Tab, makin jarrabawa, Enter, aji bayan aji, duk ƙarshen zango. Jami'inmu na horaswa ya ga haka, ya ce tunda manhajar ba ta jin kowane yare sai na yatsa, bari a yi mata yatsan ƙarya. Ya rubuta 'yan layuka da Python, wani yaren rubuta manhaja, masu karanta kowane layi na Excel su buga shi a manhajar tamkar mutum ne ke zaune. Aikin da ke cin kwanaki ya koma na yini guda, har da duba kurakurai. Daga nan kwamiti ya ce wannan ba abin da za a bari a aljihun mutum ɗaya ba ne.

Mutane sun zo fiye da zatonmu. Masu shagunan buga takardu, malaman jarrabawa, ɗaliban kimiyyar kwamfuta, wasu daga Argungu da Kalgo da Jega, har da wata 'yar'uwa da ta taso tun daga Zuru ta kwana wajen danginta don kada ta makara. Kujerun da muka hayo ba su isa ba, sai da aka aro benci.

Ranar farko bayani ne. Jami'in horaswa ya nuna cewa idan ka danna harafi, kibod lamba kawai yake aika wa Windows, ita kuma ta sa ta a layi, ta miƙa wa tagar da ke gaba a lokacin. Windows ta bar wata ƙofa mai suna SendInput a cikin user32.dll, wadda kowace manhaja za ta iya bi ta zuba nata dannin a wannan layin. Akwai tsofaffin ƙofofi ma, keybd_event da mouse_event. Yawancin manhajoji ba sa tambayar daga ina dannin ya fito, karɓa kawai suke yi. Manhajojin sa kwamfuta ta danna da kanta, wato AutoHotkey, wadda Chris Mallett ya fara a 2003, da PyAutoGUI ta masu Python, duk ta irin waɗannan ƙofofi suke bi, sun dai sauƙaƙa wa mutum rubutun ne. Da aka haska majigi, Notepad ta buɗe, haruffa suka fara zubowa babu hannun kowa a kan kibod, sai wani dattijo mai shagon buga takardu da ke gaba ya gyara zama ya ce, "Wa ka buga wanga rubutu?" Ɗaki ya ɗauki dariya. Shi ne kuma ya fi kowa tambaya har aka tashi.

Abin da ya fi koyar da mutane kuwa kuskure ne, kuma nawa ne. Ni aka ba kwamfuta in gwada shigar da makin aji guda na gwaji. Na tayar da shirin, sai saƙo ya faɗo a gefe, hannuna ya kai kansa ba da tunani ba. Tagar hira ta zo gaba. Shirin bai san komai ya canja ba, ya ci gaba da bugawa, yana danna Enter bayan kowane layi. Kafin in farga, sunaye da maki sun fara shiga zauren ƙungiya ɗaya bayan ɗaya. Allah ya sa sunayen ƙirƙira ne. Jami'in horaswa ya fizgi maus ya wurga kibiyar can kusurwar allo, shirin ya tsaya cak, domin PyAutoGUI tana da wannan birki: da kibiya ta kai kusurwa, sai ta katse aiki. Babu wanda ya manta da birkin nan bayan wannan rana, kuma babu wanda ya sake buƙatar a gaya masa cewa shirin makaho ne, duk tagar da ke gaba ita yake zuba wa.

Rana ta biyu kowa ya taɓa da hannunsa, a nan ne matsalolin gaske suka fito. Wanda ya rubuta "je ka wuri kaza ka danna" a kwamfuta mai allo 1366 da 768, da ya kai shirin kan mai 1920 da 1080 sai kibiya ta danna fili. Shi ya sa muka nace cewa duk inda Tab da Enter za su kai ka, kada ka nemi maus. Wasu kuma shirinsu ya fi manhajar sauri, tana kan adana layin farko shi ya kai na uku, haruffa su zube a hanya. PyAutoGUI tana ɗan dakatawa kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa bayan kowane umarni, amma tsofaffin kwamfutocinmu sukan so fiye da haka. Wata ɗaliba ta yi kusan awa tana neman laifin kod ɗinta, babu saƙon kuskure, babu kuma harafi ko ɗaya da ya shiga. Ashe manhajar da take aika wa an buɗe ta da ikon admin, nata shirin kuwa ba shi da shi. Tun zamanin Windows Vista, ƙaramin shiri ba ya aika danni ga wanda ya fi shi iko, kuma Windows ba ta gaya maka cewa ita ta tare. Haka Ctrl da Alt da Delete, SendInput ba ya iya danna su, da gangan aka yi hakan.

Dattijon nan ya yi tambayar da na san tana zukatan da yawa: in kwamfuta ta koyi bugawa, yaran shagonsa me za su ci? Amsar da ni na ba shi ita ce abin da muka gani a gwaji. Gurbi ɗaya da malami ya bari babu maki a Excel ya ture komai, makin wannan ya hau kan sunan wancan har ƙarshen aji, shirin kuma bai ji ko gezau ba. Saboda haka muka kafa ƙa'ida: a kwafi bayanan a ajiye kafin a fara, a gwada da sunaye goma, mutum kuma ya zauna yana kallo. Yaron shago na nan da aikinsa, yatsunsa ne kawai za su huta.

Godiya ga uban ƙungiya da ya ba mu ɗakin taro, da mataimakiyar shugaba da ta ɗauki nauyin abinci daga aljihunta, har yau kuma ba a mayar mata ba.

Yanzu ayyukan da ba su ƙare ba.

Na farko shi ne ɗan shirin haruffan Hausa da muka yi alkawari bara, wanda mutum zai danna Alt da k ya sami ƙ, haka ɗ da ɓ da manyansu. Na ji ana cewa aikin minti biyar ne. Gaskiya layi ɗaya ne a AutoHotkey ya fitar da ƙ, ka aika lambarta ta Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa, wato U+0199, ta ɗ kuma U+0257, ta ɓ U+0253. Amma layin da ke aiki a kwamfutarka daban, abin da za a raba wa shaguna daban. Ɗan'uwan da ya fara shi ya rubuta da tsohon salon AutoHotkey, sabon kuwa, na 2, wanda ya fito a Disamban 2022, ba ya karanta rubutun tsohon. Kafin ya juya shi, bautar ƙasa ta ɗauke shi. Da muka haɗa abin da ya bari ya zama fayil ɗin da ake dannawa kai tsaye, manhajojin kashe bairos a wasu kwamfutoci suka goge shi, don duk abin da ke sauraron kibod suna masa kallon ɓarawo. Ga kuma tsofaffin manhajoji irin ta makarantar nan da ba su san Unicode ba, in ka ba su ƙ su mayar maka da alamar tambaya. Ko a horon mun ci karo da 'yar'uwar wannan matsala: umarnin rubutu na PyAutoGUI tsallake haruffa masu lanƙwasa yake yi shiru, sai Ɗanjuma ya fito "anjuma". Dabarar da muka koyar ita ce a kwafi sunan a manna shi da Ctrl da V. Saboda haka shirin na nan rabi, yana jiran mutum biyu da za su zauna masa Asabar uku. Na yi cigiya a zaure sau biyu, alamar babban yatsa kawai na samu.

Na biyu, maganar Linux, tsarin da ake iya sa wa kwamfuta a madadin Windows. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma yawancin kwamfutocin da ke shagunanmu na hannu ne, ba su da TPM 2.0, sashen tsaron da Windows 11 ke nema. Muka ce a gwada ko shirye-shiryenmu za su yi aiki a Ubuntu, wani nau'in Linux. Abin da aka saba tura danni da shi a can, xdotool, an gina shi ne kan tsohon tsarin allo na X11. Sabbin Ubuntu kuwa da Wayland suke tashi, wanda ba ya barin wata manhaja ta riƙa tura danni ga wata haka kawai. Akwai ydotool da ke bi ta ƙarƙashi, ta wata ƙofar Linux mai suna uinput, amma sai an ba shi izini na musamman, kuma ba abin da za ka miƙa wa mai shago ka juya baya ba ne. Kwamfuta ɗaya muke gwajin da ita, ta ma'aji, shi ma da ita yake neman abinci.

Na uku, Arduino Leonardo da aka amince a sayo, ɗan allon nan da kwamfuta ke ɗauka a matsayin kibod na gaske in an soka shi ta USB. Ba a sayo ba. Dalilin na sakin layi na huɗu.

Akwai abin da kwamiti ya ce lallai in rubuta. Bayan horon, saƙonni sun yi ta shigo mini, wasu daga mambobin da rabona da ganin su tun ranar rabon riguna. Wannan yana son shirin da zai riƙa danna masa waya irin na zamanin mainin, wancan yana son wanda zai cike fom ɗari a shafin rajista ya tsallake gwajin nan na tabbatar da cewa mutum ne. Ƙungiya ba ta koyar da wannan, ba ta kuma yarda a yi shi da sunanta ba. Abin da muka koyar na aikinka ne, a kwamfutarka, ko da izinin mai ita. Wanda aka rufe wa shago saboda ya yi wasa da rajistar 'ya'yan mutane, kada ya nemo sakatare.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu wannan tambaya ba su zo horon ba, ba su biya kuɗin wata ba, amma su ne suka fara tambayar ko akwai satifiket. Akwai, ga wanda ya zauna kwana biyun.

Reshen Argungu ya nemi a maimaita horon a can. Kwamiti ya amince, da sharaɗin su samo ɗaki da wuta, mu kuma kuɗin mota ya taru. Za a tsayar da rana a taronmu na gaba, wanda a cikinsa ne kuma za a yi zaɓe. Na shaida wa shugaba cewa ba na neman kujerar nan karo na uku. Ma'aji zai zauna a bakin ƙofa da littafinsa tun kafin a buɗe da addu'a. Wanda kuma ya tafi da doguwar wayar majigi ranar rufe horo, ya taho da ita, ta aro ce.

Wassalam.
Sakatare