Ƙaramin karfan ko babba: wasiƙa ga masu kawo aiki garejinmu na Jidda

Assalamu alaikum, iyayenmu alhazai da hajiyoyi, da 'yan'uwa na Jidda da Makka da Madina.

Daga wannan hunturun, yawancin aikin da za mu riƙa karɓa a gareji na ƙananan motoci ne, irin su Hiace da Staria, waɗanda muke gyarawa su zama wurin kwana da girki. Ba mu rufe ƙofa ga Coaster ko babban karfan ba, wato ɗakin kwana mai taya da ake ja da mota, sai dai mai so zai ba da oda, ya kuma yi haƙurin jira. Wasunku sun fara cewa yayi muka bi, shi ya sa muka ga gara ku ji dalili daga bakinmu.

Mai saye yakan shigo da hoton babba a waya, mai ɗakin kwana da falo da wurin wanka. Da an zauna an sha shayi aka fara lissafi, sai magana ta sauya. Lasisin tuƙi na gida, wanda yake aljihun yawancinmu, iyakarsa motar da nauyinta bai wuce kilo 3,500 ba. Babbar mota idan aka ɗora mata katako da tanki da batir, nan da nan take haye wannan iyaka. Sai kuma tambayar da ke kashe baki: ina za ka ajiye ta? Wanda ke zaune a unguwar Rusaifa ko Hindawiyya ya san yadda ake neman wurin ajiye ko da Corolla bayan isha'i. Motar da sai an biya mata hayar fili a bayan gari, sau nawa za ta fita a shekara? Hiace kuwa da safe ta kai yara makaranta, ranar Alhamis da yamma a zuba barguna a kama hanya.

Hanyar ma tana da nata hukunci. Mu mutanen Hijaz in zafi ya yi, sama muke hawa: Ɗa'if ta hanyar Hada, ko Baha, ko Abha da Suda, inda tsawon dutse ya kusa mita 3,000. Hawan ba shi ne abin tsoro ba, gangarowar ce. Mota mai nauyi a kan waɗannan kwanoni tana cin birki, kuma duk direban da ya taɓa jin ƙaurin birki yana gangarowa da iyali a baya ba ya bukatar dogon bayani. Ga kuɗin mai. Litar dizal da ake sayarwa halala 75 a 2023 ta koma riyal 1.15 a Janairun 2024, ta sake tashi zuwa 1.66 a Janairun 2025. Masu manyan motoci, da yawancinsu dizal suke sha, su suka fi ji a jikinsu. Sannan tun watan Yunin 2018 da mata suka fara tuƙi, hajiyoyi na zuwa gareji da nasu ra'ayin, kuma abin da suka fi tambaya shi ne ko za su iya karɓar sitiyari in maigida ya gaji tsakanin Madina da Ula.

To, amma ga inda muke so ku tsaya ku saurare mu da kyau, domin a nan ne ake samun saɓani bayan an biya kuɗi. Hotunan ƙananan motocin da kuke gani a TikTok yawanci daga Turai suke, an yi su ne don mata da miji su biyu, a ƙasar da ake neman ɗumi. Gidan Bahaushe ba haka yake tafiya ba. Akwai yara, akwai kaka, akwai ɗan ƙanwa da ba a yi shawara da shi ba amma ya riga kowa shiga mota. Kowane gado da muka kafa, kujeru yake ci. Ba ma ƙara kujera fiye da adadin da ke cikin istimara, wato takardar rajistar mota, ba ma kuma zaunar da yaro inda babu bel, ko da an roƙe mu. Idan ku tara ne a gida, ƙaramar mota ba za ta kwanar da ku duka ba, kuma duk wanda ya ce muku za ta iya, ciniki yake nema.

Abin da take iyawa shi ne abin da muka lura yawancinku kuke yi tun asali idan an fita kashta, wato yawon shaƙatawa da kwana a waje. Maza da samari a tanti suke kwana, ko a kan shimfiɗa kusa da wuta. Motar ta zama ɗakin mata da ƙananan yara, da wurin alwala da banɗaki mai sutura, da firji da murhu. A kan wannan muke tsara ta: gado ɗaya mai naɗewa, labule mai kauri, kicin da ake jawowa ta ƙofar baya don hayaƙi da ƙamshin miya su tsaya a waje, da rumfa a gefe. Wurin wanka na ciki mun cire shi daga tsarin, don yana cin wuri ya kuma ci ruwa. Kowace lita kilo guda ce, tankin lita 200 daidai yake da ɗaukar ƙattai uku da ba su biya kuɗin mota ba. Mukan tsaya a lita 60 zuwa 80, sai jarka ɗaya ta ajiya.

Maganar mukayyif kuma, wato na'urar sanyaya wuri, ba za mu rufe ku ba. Rufin ƙaramar mota bai ɗaukar sola mai yawa. Abin da ya ɗauka zai riƙe firji da fitila da fanka da cajin waya, amma ba zai riƙe mukayyif dare guda a bakin tekun Yanbu cikin watan Agusta ba, sai da janareta ko batir mai tsadar gaske. Ƙaramar mota ta hunturu ce da ta kan dutse. Wanda ke son kwanan sahara da bazara, ko mai niyyar kafa zango wata guda a wuri ɗaya da babban iyali, babban karfan ne nasa, kuma za mu gaya masa haka ko da aikin ya wuce mu.

Mai niyyar kawo mota, kafin ya saya ya kira mu. Ya auna tsayin ƙofar garejin gidansa, domin Hiace mai dogon rufi ba kowane wurin ajiya na ƙarƙashin bene take shiga ba. Ya zo da istimara da takardar fahas, wato ta binciken lafiyar mota, ya kuma tuntuɓi Murur, hukumar kula da ababen hawa, kan gyaran da yake so kafin mu taɓa ko kusa ɗaya. Farashin da za mu rubuta masa ya haɗa da harajin kashi 15. In da hali, a zo da uwargida ranar awo, ita ta san tukunyar da za ta shiga akwatin kicin.

Allah ya kiyaye hanya, ya bar zumunci.

Naku,
Masu gareji da ma'aikatansa, Jidda