Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin dillancin hannun jarin da ke riƙe da asusuna

Zuwa ga Manajan Darakta,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa. Na kawo wannan magana bainar jama'a ne domin ƙorafin da na shigar ta imel da kuma ta ofishinku na Kano har yau ba a amsa shi ba, kuma na tabbata ba ni kaɗai abin ya shafa ba.

Lokacin da na buɗe asusu a wurinku na sa hannu a takarda mai umarni guda ɗaya: duk ribar da wani kamfani ya raba mini, ku ƙara saya mini hannun jarin wannan kamfanin da ita. Kafin nan ba ni da matsala. Tun da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta ƙaddamar da tsarin rajistar biyan riba ta banki a 2015, magatakardan rajista (mai riƙe da sunayen masu hannun jarin kamfani) kan tura wa mai hannun jari kuɗinsa kai tsaye, ya ji alat a wayarsa. Ma'aikatanku ne suka ce in juya kuɗin zuwa wurinku, riba ta riƙa haifar riba ba tare da na ɗaga yatsa ba. Na amince, domin ni ɗan fansho ne, kuma jarin nan na tara shi ne saboda karatun yara.

A 2025 kamfanin simintin Dangote ya raba naira 30 a kan kowane hannun jari. Lissafin ba ɓoyayye ba ne: mai hannun jari 1,000 yana da naira 30,000, a cire kashi 10 cikin ɗari na haraji tun daga tushe, saura naira 27,000. Kamfanin ya biya, magatakarda ya tura, manhajarku ma ta nuna cewa rabona ya iso. Daga nan sai shiru. Makonni suka shuɗe ba a saya mini ko guda ba. Da na bi bayanan asusun layi-layi, sai na ga wani ɗan rubutu a ƙasa mai nuna an kwashe kuɗin zuwa asusun kasuwar kuɗi na kamfaninku, har an ɗora masa ƙari.

Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Asusun kasuwar kuɗi irin naku a takardun bashin gwamnati na gajeren zango da ajiyar banki mai wa'adi yake zuba jari, kuma abin da yake samu kuɗin ruwa ne tsantsa. Ni kuwa da gangan na kauce wa bankunan da ke cin ruwa da kamfanonin giya, duk da na san wasunsu suna raba riba mai tsoka. Daga jerin NGX Lotus Islamic Index na kasuwar hannun jarin Najeriya (NGX), wanda aka kafa a 2012 domin masu neman jarin da ya dace da Shari'a, na zaɓi kamfanonina, kuma na faɗa wa jami'inku haka ƙarara ranar buɗe asusu. Da na je ofis na nuna wa wani matashi layin a wayata, murmushi ya yi ya ce, "Ai Baba ƙari aka yi maka, ba ragi ba." Ban ga laifin yaron ba, abin da aka koya masa ya faɗa. Amma wa ya ba ku izinin zaɓa mini abin da na guda? Yanzu wajibi ne in ware wannan ƙari in fitar da shi daga dukiyata, ga shi kun cakuɗa shi da asalin ribar, kun kuma ƙi ba ni adadinsa a rubuce.

Jinkirin ma da nasa illar. Duk wanda ke bin kasuwa ya san da zarar ranar cancantar karɓar riba ta wuce, ana rage farashin hannun jari daidai da ribar da za a raba, daga nan kuma farashi ya ci gaba da hawa da sauka. Ban ce ku yi duba ku san gobe ba. Amma wanda ya ba da umarnin saye yana da hakkin a saya masa a kan lokaci, ko ya ci riba ko ya faɗi, ya san da hannunsa ne. A tsawon makonnin nan kuɗina yana ƙara wa asusunku kauri, kuna karɓar ladan kula da shi, ni kuma ina jira.

Da aka yi sayen daga baya, ba a turo mini takardar shaidar ciniki ba. Ban san farashin da aka saya ba, ban san nawa kuka cire na la'ada da kuɗin hukuma da harajin VAT na kashi 7.5 da ake ɗorawa a kan la'adar ba. Tun da ba a sayar da gutsuren hannun jari a kasuwar NGX, dole canji ya rage, shi ma ban ga inda ya shiga ba. Sai da na nemi bayanin asusuna na CSCS, cibiyar da ke ajiye bayanan hannun jarin kowa, sannan na tabbatar an ƙara mini wani abu.

Ina neman ku ba ni cikakken bayani a rubuce: ranar da ribar ta iso, ranar da aka saya, farashi, da kowace naira da aka cire. Ku ware mini kuɗin ruwan daban, da adadinsa. Idan jinkirinku ya sa an saya da tsada, ku cike gibin. Sannan ku daina kai kuɗin kowa asusu mai ruwa sai da sa hannunsa, ku kuma sanar da duk waɗanda kuka riga kuka yi wa haka, domin da yawansu ba sa karanta ƙananan layukan nan.

Ƙa'idar sauraron ƙorafi ta hukumar SEC ta ba dillali kwanakin aiki goma ya warware koken abokin hulɗarsa, kuma wa'adin nan ya daɗe da wucewa. Idan ban ji daga gare ku ba, zan kai maganar ga sashen sa ido na NGX da hukumar SEC a Abuja, in ta kama har kotun sauraron ƙararrakin zuba jari. Kafin nan, na janye umarnin sake zuba ribar, na kuma rubuta wa magatakarda ya mayar da biyan zuwa asusuna na banki.

Naku,
Wani abokin hulɗarku daga Kano