Zuwa ga alhazanmu, game da tsawon tafiyar Kano zuwa Jidda

Assalamu alaikum iyayenmu alhazai da hajiyoyi.

Ban so a ce sai da takarda zan yi muku wannan bayani ba, amma tun da ayarin Umra na ƙarshe ya dawo wayar ofis ba ta huta ba. Wasu na cewa mun ce awa biyar, suka yi kusan bakwai a sama. Wasu kuma, wannan ita ta fi yi mini ciwo, wai jirgi mai araha muka saka su don mu ci rarar kuɗin.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz a Jidda kimanin kilomita 3,400 ne idan an miƙe. Miƙewar kuwa ta kan Chadi ce, sai Sudan, sai a haye Bahar Maliya a sauka. Shi ya sa shekara da shekaru muke ce muku awa biyar ko ƙasa da haka, kuma ba mu taɓa jin kunya ba. To a watan Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin samaniyarta. Dole jirgi ya kewaye, ko ta kudu ya ɓulla Habasha, ko ta arewa ya bi ta Masar. Ana cikin haka, a watan Agustan 2023 Nijar ma ta rufe nata na ɗan lokaci bayan juyin mulki. Kewayen nan kusan awa biyu yake ƙarawa, kuma awa biyu a sama mai ne ake ƙonawa, man da lissafinsa da dala ake yi. Yadda naira ta koma tun watan Yunin 2023 kuwa, ku 'yan kasuwa kun fi ni sani. Ba mu muke zana wa matuƙi hanya ba, tikiti muke saya kamar kowa.

Akwai kuma waɗanda suka ce mini awa tara suka yi. Agogon Saudiyya yana gaba da namu da awa biyu, to ku cire su tukuna.

Abin da ba zan kare kaina a kai ba shi ne dattawanmu da suka ɗaura harami tun daga Kano. An ba ni labarin wani Baba da ya yi tafiyar nan duka kafaɗa a buɗe, sanyin jirgi na dukansa, yana rawar ɗari, ya kuma ƙi karɓar bargo don gudun kada ya taɓa ibadarsa. Da mun faɗa tun farko, da ya jira sai an kusa mikati. Baba, a yi mana afuwa.

Muna nan muna magana da waɗanda abin ya shafa, kuma insha Allahu za ku ga gyara. Batun farashi ma muna dubawa.

Alhazan Kantin Kwari da suke tare da mu tun mahaifinmu na zaune a kan wannan kujera, da Hajiyarmu ta Fagge da ta kawo mana 'ya'yanta, yanzu har jikoki, Allah Ya saka da alheri. Na ji wasu sun fara tambayar farashi a wani wuri. Ba laifi, amma ku tambaye su ta ina nasu jirgin yake bi. Kafin ku karɓi fasfo ɗinku, don Allah ku shigo mu zauna. Ina ofis kullum bayan La'asar.

Ɗanku kuma ɗan'uwanku,
Manajan kamfani