Ƙaramin rauni a ƙirji, babban haɗari

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ni manjo ne mai ritaya, wato tsohon shugaban ma'aikatan jinya, na daɗe ina aiki a gidan likita na ƙauye a jihar Maradi, kuma akwai abin da ya ƙi fita raina.

Wata ranar kasuwa aka kawo mini wani saurayi bisa amalanke, sa ya soke shi da ƙaho a ƙirji. Raunin bai fi bakin kwalba ba, jini ɗan kaɗan a rigarsa. Kawunsa ya ce, "Manjo, ɗinke masa mu koma, ba mu sayar da dabbobi ba." Sai dai jijiyoyin wuyansa sun tashi kamar igiyar guga, tansiyo, wato awon ƙarfin jini, ya faɗi, da na saurari zuciya kuwa sai na ji ta can nesa, kamar kiɗa a bayan gari. Alamomi ukun nan na taruwar jini kewaye da zuciya ne, wani likitan Amurka, Claude Beck, ya bayyana su tun 1935.

Zuciya tana cikin wata jaka da ba ta miƙewa da sauri. Jinin da bai cika kofin shayi biyu ba, in ya taru ciki farat ɗaya, ya isa ya matse ta ta kasa cika. Na ɗaura masa ƙarin ruwa, na bar shi a jingine don kwanciya tana shaƙe shi. Ƙarin ruwan nan, lokaci kawai yake saya. Zuƙe jinin da allura ta ƙasan ƙashin ƙirji ma haka, don jini yana daskarewa. Maganinsa sai fiɗa.

Aka kira motar asibiti, aka ce sai dangi sun biya kuɗin mai. Kafin kawun ya samu mai sayen tunkiyarsa, la'asar ta yi. Yaron ya cika a hanya.

Roƙona ga hukumomin lafiya: a bar motar ta tashi, a yi lissafi daga baya. A kai ƙaramin injin eko, mai hoton cikin jiki, asibitocin gundumomi irin su Dakoro, Mayahi da Tasawa, don yana nuna jinin cikin ƴan mintoci, a kuma koya wa matasan ma'aikata duban wuya kafin su ɗauki zaren ɗinki. Jama'a kuma, in wuƙa ko ƙarfe ya maƙale a ƙirjin mutum, kada a zare. A kewaye wurin da tsumma mai tsabta, a nufi likita.

Naku,
Wani tsohon manjo,
Unguwar Bagalam, Maradi