Kukan injin jirgi da zamewar farfela: kira ga masu fito a kogin Haɗeja

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana da 'yan'uwana masu fito da masunta da ke aiki da jiragen inji a kogin Haɗeja, tun daga Ringim da Auyo har Kirikasamma da Guri, da takwarorinsu na madatsun Tiga da Challawa a jihar Kano. Sana'ata gyaran injin jirgi ce, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake kashe giyar inji mai tsada saboda rashin sanin amfanin wata 'yar roba da ke cikin farfela, wato fankar da ke tura jirgi a ruwa.

Idan ruwa ya cika a Agusta da Satumba, hanyoyi suka yanke, jirgi ne ke kai mai naƙuda asibiti, shi ne kuma ke fitar da shinkafa kasuwa. A lokacin ne ake ta kawo mini kuka iri ɗaya, cewa an murɗa totur, inji yana ta kururuwa, jirgi kuwa sai jan jiki yake yi. Yawancin masu jirgi kan ɗora laifin a kan kabireta ko fulogi ko gurɓataccen fetur, alhali injin da ƙararsa ta haura yadda ya saba ba ƙarfi ya rasa ba. Ƙarfin ne ba ya kaiwa ga ruwa, don haka a ƙasa ya kamata a nemi cutar, inda sandar da ta sauko daga kan inji take juya haƙoran giya, su kuma su juya shaf ɗin da farfela ke kai.

Da farko a kashe inji, a ɗaga shi a duba. Ciyawar kachalla, wadda ta addabi fadamun Haɗeja da Nguru, takan nannaɗe farfela, kuma ko leda ɗaya ta isa ta hana ta kama ruwa. Idan ba a ga komai ba, a dubi zaman injin a jikin jirgi. Faifan nan da ke saman farfela ya kamata ya yi kusan daidai da ƙasan jirgi, domin idan ya yi sama, ko lodi ya rinjayi gaba har baya ya ɗaga, farfela za ta riƙa jawo iska tana juyi a kumfa, musamman a kwana.

Idan duk wannan lafiya lau ne, to sai maganar roba. A yawancin injunan da muke da su, tsakanin jikin farfela da cibiyarta da ke kama shaf akwai roba da aka matse da ƙarfi, wasu ƙananan injuna kuma ɗan fin ne mai saurin karyewa. Da gangan aka yi ta da rauni, don idan farfela ta daki kututture ko tudun yashi, ita ta saki, giya ta tsira. Bayan ta saki, jirgi zai iya tafiya a hankali, amma da zarar an ba shi wuta sai shaf ya yi ta juyi a cikin farfela. Gwajinta ba ya cin ko kwabo. A ja layi ɗaya da fenti ko bakin ƙusa daga cibiya zuwa jikin farfela, a ɗauki lodi a ɗan zagaya, a dawo a duba. Idan layin ya rabu biyu, roba ta mutu, sai a sake ta ko a sake farfela.

Abin takaicin shi ne dabarar da ta zama ruwan dare, wato a huda farfela a dunƙula ƙusa, ko a cusa ƙarfe a matse ta ta zama abu ɗaya da cibiya. Na san kuɗin sabuwar farfela ba wasa ba ne, kuma na san mai jirgi ba ya son rasa ranar kasuwa. Amma wanda ya yi haka ya cire abin da ke kare giyarsa, kuma bugu na gaba kai tsaye zai sauka a kan haƙora da shaf. Na sha buɗe irin wannan giya in tarar da gutsattsarin haƙora kwance a ƙasan mai, kuɗin gyaran ya ninka na farfela sau da dama, kuma irin wannan karyewa a tsakiyar kogi take zuwa, da mutane a ciki.

Ƙara ma tana da bayani ga mai saurare. Bugu mai zuwa jefi-jefi idan an ɗauki lodi, wanda direba kan zaci wani abu ya taka a ruwa, yawanci ƙarfen da ke kama giya ne bakinsa ya cinye yake kuɓucewa yana komawa. Abin da ke cinye shi kuwa shi ne shigar da giya a sanyaye har tana gurzawa, ko shigar da ita inji yana sama. A sauke totur, a jefa ta lokaci guda. Gurnani ko kuwwa mai ƙaruwa da gudu alamar boris ne ko haƙoran da suka rasa mai. Karkarwar da ake ji a hannun tuƙi kuma fiffiken farfela ne ya lanƙwashe ko shaf ya karkace, kuma za a gane hakan idan aka cire hular fulogi, aka sa giya a firi, aka juya farfela da hannu ana kallon ko tana layi.

Man giya shi ne babban shaida. A kwance noti na ƙasa a tari kaɗan a tafin hannu. Idan ya yi fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, kuma sau da yawa zaren taru ne ko na mamari ya naɗe a bayan farfela ya yanke sil, wato robar da ke hana ruwa shiga giya, shi ya sa nake roƙon a riƙa cire farfela ana duba wurin. Laushin toka-toka a kan noti mai maganaɗisu ba abin tsoro ba ne, amma ɓarɓashin da yatsa ke ji yana nufin a dakatar da aiki. Mai lamba 90 ake zubawa, ta ramin ƙasa har ya fito ta na sama, kuma a sake shi duk bayan aikin awa 100.

Girman farfela ma yana da hannu. Lamba ta biyu da ke jikinta, misali 13, tana nufin tafiyar inci 13 a kowane juyi da a ce ruwa ba ya gocewa, alhali dole ya ɗan goce. Yamaha Enduro mai doki 40 an tsara shi ya yi juyi 4,500 zuwa 5,500 a minti idan an ƙure totur, saboda haka jirgin katako mai ɗaukar buhuna ƙaramar lamba yake so domin inji ya iya kaiwa wannan juyi, ba irin ta jirgin gudu ba.

Tun bayan haɗarin jirgin Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ake ta magana kan lodi fiye da kima da rigunan kariya, kuma magana ce mai kyau. Ina roƙon Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, da gwamnatocin Jigawa da Kano su haɗa da lafiyar inji, su shirya wa direbobi da makanikai bita kafin damina, su kuma taimaka a samu farfela da sil da man giya na ƙwarai a Haɗeja da Ringim. Sarakunan ruwa da shugabannin 'yan fito kuma ina roƙonsu su hana duk jirgin da aka dunƙule wa farfela da ƙusa ɗaukar fasinja, su kuma wajabta wa kowane direba riƙe farfela ta biyu da sifana da filafilai a cikin jirgi.

Wassalam.

Naka,
Wani mai gyaran injin jirgi,
Ƙaramar Hukumar Guri, Jihar Jigawa.