Wasiƙa daga Winnipeg: a kwashe kulob ko a rushe shi?

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya jikin Hajiya? Mu nan lafiya lau, sai fama da sanyi.

Ka tambaye ni me ya sa mutanen garin nan suke ji da kulob ɗinsu na hokin ƙanƙara haka. Ai sun taɓa rasa shi ne. A 1996 dalar Kanada ta yi ƙasa, filin wasansu ya tsufa, sai aka kwashe kulob ɗin, wato Jets, aka kai Phoenix, tsakiyar hamadar Arizona, aka raɗa masa suna Coyotes. Sai a 2011 aka sayo kulob ɗin Thrashers daga Atlanta, sunan Jets ya dawo gida.

Can Arizona kuwa abin bai yi albarka ba. A 2009 kulob ɗin ya karye, hukumar NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, ta riƙe shi da kanta. Daga 2022 zuwa 2024 a ɗan filin jami'a suka yi wasa, wanda ba ya ɗaukar fiye da mutum 5,000. Ka ji fa, a gasar hokin ƙanƙara mafi girma a duniya! Mutanen Tempe, garin da ke kusa da Phoenix inda filin jami'ar yake, suka ƙi amincewa da gina sabon fili a ƙuri'ar 2023, shi ke nan a 2024 aka tattara 'yan wasan aka kai Salt Lake City.

Abokan aikina wasu cewa suke da ma rushe irin waɗannan aka yi, 'yan wasa masu kyau su rarrabu, wasa ya ƙara armashi. Ni ban ga haka ba. Rabon da adadin kulob ya ragu tun 1978, da aka haɗe Cleveland Barons da Minnesota North Stars. Ƙungiyar 'yan wasa ba za ta yarda mutanenta su rasa aiki ba, su ma masu kulob ɗin ba za su yarda ba, don birnin Seattle dala miliyan 650 ya biya kafin a ba shi gurbi a gasar. Wa zai yanka saniyar da ake layin tayawa?

Abin da ke ci mini rai shi ne inda ake kai su. Birnin Kebek na nan Kanada ya rasa kulob ɗinsa Nordiques a 1995, ya gina fili mai kujeru sama da 18,000 a 2015, har yau shiru, don kasuwar Amurka ta fi maiƙo.

Ka gaida mutanen gida. In ka samu bizar, zan kai ka kallo, amma ka taho da rigar sanyi mai kauri.

Naka amini.